Makiyayi da Ma'aikatansa: Nazari Kan Kamfanin Chobani

Ranar Talata 26 ga Afrilun 2016 aka tara ma'aikatan masana'antar yogot ta Chobani da ke kusa da garin New Berlin, a jihar New York ta Amurka. Mai kamfanin, Hamdi Ulukaya, ya tsaya a gabansu, aka riƙa miƙa wa kowa farar ambulan. A ciki akwai takarda mai nuna yawan hannun jarin da aka ware wa mutum a kamfanin da yake yi wa aiki. Ma'aikatan dindindin wajen 2,000 abin ya shafa, har da na ɗaya masana'antar da ke jihar Idaho, kuma abin da aka ware musu gaba ɗaya zai iya kaiwa kashi 10 cikin ɗari na darajar kamfanin. Wanda ya fi daɗewa shi ya fi samun kaso mai tsoka. Jaridun Amurka suka buga lissafi, suka ce idan darajar kamfanin ta kai dala biliyan 3, matsakaicin rabon ma'aikaci ɗaya zai kai wajen dala 150,000, wasu tsofaffin hannu kuwa za su haura miliyan guda.

Labarin ya zaga duniya, kuma har yau idan ana zancen walwalar ma'aikata a masana'antun abinci, da wuya a tashi ba a kawo shi ba. Na daɗe ina juya shi a raina, kuma ban gamsu cewa ambulan ɗin nan ita ce ginshiƙin abin da ya faru a Chobani ba. Ita ce dai ta fi kyau a hoto. Abubuwan da suka fi taɓa rayuwar mai tsayuwa gaban inji tun asuba ba su kai ta ɗaukar ido ba: motar da za ta kai shi wurin aiki, wanda zai fassara masa gargaɗin da ke manne a jikin injin, kuɗin da ake biyansa a kowace awa, da sanin cewa idan iyalinsa ta sauka zai zauna gida ba a yanke masa ko sisi ba. Sai kuma tambayar da ta fi tsaya mini: wannan alheri a ina iyakarsa, kuma wa ke da ikon janye shi?

Masana'antar da aka juya wa baya

Ulukaya Bakurde ne. An haife shi a 1972 a lardin Erzincan da ke gabashin Turkiyya, cikin dangin da sana'arsu kiwo da sarrafa nono. Lokacin zafi sukan hau tsaunuka da garkensu, su yi cuku da yogot a can. Daga nan ma sunan kamfanin ya samo asali, don a Turkanci çoban makiyayi ke nan. Ya sauka Amurka a 1994 da niyyar koyon Turanci, daga baya ya kafa wani ɗan kamfanin cuku mai suna Euphrates a jihar New York, yana ta lallaɓa shi.

A 2005 wata takardar talla ta shigo cikin wasiƙunsa, ana cigiyar mai sayen masana'antar yogot da injinanta. Kamar yadda shi da kansa ya sha ba da labari, sai da ya wurga ta kwandon shara, sannan ya dawo ya tsamo ta. Masana'antar ta babban kamfanin abinci na Kraft ce, a wani ɗan ƙauye da ake kira South Edmeston, kusa da New Berlin. Tun 1920 aka gina ta, kuma Kraft ya yanke shawarar rufe ta. Mutum 55 suka rage a ciki, aikinsu na ƙarshe shi ne su rufe wurin da suka daɗe suna cin abinci. Abin da Ulukaya ya ce ya tsaya masa a rai ranar da ya je duba wurin ba injinan ba ne, yadda mutanen ke aikin rufewar ne: ba hayaniya, ba fashe-fashe, kowa na yin nasa cikin natsuwa, alhali sun san an gama da su.

Lauyansa ya gargaɗe shi, ya ce da akwai wani abin kirki a wurin da Kraft bai tafi ya bar shi ba. Bai ji ba. Ya ci bashi ta hannun hukumar gwamnatin Amurka mai tallafa wa ƙananan sana'o'i, ya sayi masana'antar a kan kuɗin da bai kai dala miliyan ɗaya ba. Ya ɗauki wasu daga cikin tsofaffin ma'aikatan Kraft, waɗanda ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Aikin farko da suka yi tare, da shi da su, fentin bango ne, don a lokacin bai ma san ta inda za su fara ba.

Ana yawan ba da wannan labari a matsayin na tausayi, wai mai kuɗi ya ji ƙan waɗanda aka sallama. Ni ba haka nake kallonsa ba. Mutumin da ya shekara ashirin a masana'anta ya san kukan kowane inji, ya san bututun da ke yoyo idan sanyi ya tsananta, ya san inda ake kashe wuta idan abu ya ɓaci. Ulukaya bai san ko ɗaya ba. Yana buƙatarsu fiye da yadda suke buƙatarsa, kuma ya nuna musu ya san da haka. Ma'aikacin da ya ga ana tambayarsa ana amfani da abin da ya faɗa, ba irin tafiyarsa ɗaya da wanda ake kallo kamar wani ɓangaren inji ba. Daga nan mutunta ma'aikaci ya fara a Chobani, tun kafin a sami ribar da za a raba.

Sun kwashe kusan shekara biyu suna gwaji tare da wani gwanin haɗa yogot da aka ɗauko daga Turkiyya. Irin yogot ɗin da suke yi, wanda Amurkawa ke kira na Girka, kamar a ɗauki kindirmo ne a tace ruwansa har ya yi kauri, shi ya sa yake cin madara sosai: kofi guda yana cinye madarar da ta ninka shi kusan sau uku. A riƙe wannan, don za mu dawo kansa. A Oktoban 2007 kayan farko suka fita zuwa wani kanti a yankin Long Island. Zuwa 2012 cinikin shekara ya haura dala biliyan 1, kuma a Disambar shekarar aka buɗe sabuwar masana'anta a Twin Falls ta jihar Idaho, wadda ta ci dala miliyan 450.

Mota da tafinta

Da kasuwa ta buɗe haka, ma'aikata suka yi ƙaranci a ƙauyukan da ke kewaye da South Edmeston. Tafiyar ƙasa da awa guda a mota akwai birnin Utica, tsohon garin masaƙu wanda ya yi asarar kusan kashi 40 cikin ɗari na mutanensa tsakanin 1960 da 2000, sakamakon mutuwar masana'antu. Tun farkon shekarun 1980 wata cibiya a garin ke karɓar 'yan gudun hijira: 'yan Vietnam, 'yan Bosniya da yaƙin shekarun 1990 ya koro, 'yan Burma, Somaliyawa. Mutane ne masu neman aiki ruwa a jallo, amma abu biyu ya tare wa da yawansu hanya. Ba su da mota, kuma ba sa jin Turanci.

Mai ɗaukar aiki da dama idan ya ji haka sai ya ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Chobani kuwa ya sa motocin da za su riƙa kai su suna dawo da su, ya ɗauki tafintoci ya sa su a cikin masana'anta, daga baya aka ƙara da darussan Turanci. Da aka buɗe Twin Falls aka bi wannan sawu, don can ma akwai cibiyar 'yan gudun hijira da ta daɗe tana karɓar mutane daga ƙasashe irin su Iraƙi, Afghanistan, Sudan da Kongo. Zuwa 2016 'yan gudun hijira fiye da 300 ke aiki a kamfanin, kuma kamfanin ya sha cewa kusan kashi 30 cikin ɗari na ma'aikatansa baƙi ne ko 'yan gudun hijira.

Sai mutum ya san yadda cikin masana'antar nono take zai gane nauyin tafintan nan. Wuri ne mai sanyi, ƙasa kullum a jiƙe, ƙarar injina ba ta barin ka ji na kusa da kai. Ana wanke tankuna da bututu da ruwan zafi da sinadarai masu cin fata. Aiki ba ya tsayawa dare da rana, don madara ba ta jira. A irin wannan wuri, wanda bai fahimci abin da shugaban sashe ya faɗa ba yana iya rasa yatsa, ko ya ɓata kayan miliyoyi a sallame shi. Kuma zai wuni cikin fargaba, yana gyaɗa kai alhali bai gane ba, don tsoron kada a ce bai iya ba. Wannan fargaba ita ke bin mutum har gida ta hana shi barci. Cire ta daga ƙirjin ma'aikaci ya fi duk wata liyafar ƙarshen shekara.

Ulukaya yakan ce ranar da ɗan gudun hijira ya sami aiki, ranar ya daina zama ɗan gudun hijira. Duk wanda ya taɓa leƙa sansanonin da ke kewayen Maiduguri ko Diffa, ya ga magidanci da ya saba ciyar da gida ya koma jiran rabon hatsi a layi, ba ya buƙatar a yi masa sharhin wannan magana. Cin gumin kai yana mayar wa mutum da wani abu da sadaka ba ta iya mayarwa.

A 2016 Ulukaya ya kafa ƙungiyar Tent don jawo manyan kamfanoni su ɗauki 'yan gudun hijira aiki. A 2018 ƙungiyar ta ɗauki nauyin wani bincike da cibiyar Fiscal Policy Institute ta yi, inda kamfanoni 19 cikin 26 da aka tambaya suka ce 'yan gudun hijira sun fi sauran ma'aikata daɗewa a wurin aiki. Ana kawo wannan a matsayin hujjar cewa suna jin daɗin aikin. A nan ina da ja. Daɗewa a wuri ba lallai ta zama alamar farin ciki ba. Wanda ƙofa ɗaya kawai ta buɗe masa zai zauna ko da ana gasa masa aya a hannu, don da babu gara ba daɗi. Abin da zai nuna gaskiya shi ne ko an biya shi daidai da ɗan ƙasa da ke tsaye kusa da shi, ko an ba shi hanyar hawa sama, ko yana iya buɗe baki ya yi ƙorafi ba tare da gabansa ya faɗi ba. Kamfanin da ke ɗaukar masu rauni don sun fi haƙuri, da wanda ke ɗaukarsu ya kuma cire musu raunin, duk alƙaluma iri ɗaya za su nuna. Darussan Turancin nan su suka fi gamsar da ni game da Chobani, domin wanda ya iya harshe yana iya barinka ya tafi wani wuri, kuma kamfanin ya san da haka ya koya musu.

An gwada kamfanin a kan wannan matsayi nasa. A 2016, lokacin yaƙin neman zaɓen da ya kawo Donald Trump mulki, wasu yara ƙanana 'ya'yan 'yan gudun hijira suka aikata wani mummunan laifi a kan wata yarinya a Twin Falls. Lamarin ba shi da alaƙa da Chobani ko kaɗan, amma wasu kafofin masu ƙyamar baƙi suka haɗa su. Aka yi ta kiran a ƙaurace wa kayan kamfanin, aka yi wa Ulukaya ruwan zagi a intanet, har magajin garin Twin Falls sai da aka yi wa barazanar kisa. A Afrilun 2017 Chobani ya maka Alex Jones, mai kafar InfoWars, a kotu kan ƙazafin da ya yi wa kamfanin. A watan Mayu Jones ya fito ya janye maganarsa. Ka sa kanka a matsayin ma'aikacin da ya tsere wa yaƙi, yana jin ana kiran irinsa annoba a garin da yake haya. Abu mafi sauƙi ga kamfani shi ne ya yi shiru, ya rage ɗaukar irinsa a hankali har ƙura ta lafa. Ganin maigida ya tsaya ya ƙi ja da baya, wannan ma walwala ce, ko da ba a rubuta ta a takardar albashi ba.

Ƙwai a baka

Mu koma kan ambulan. A wasiƙar da ya rubuta wa ma'aikata, Ulukaya ya ce abin ba kyauta ba ne, alkawari ne tsakaninsa da su na yin aiki tare. Daga cikin nasa kason ya ciro hannun jarin, kuma wannan abin yabo ne. Sai dai akwai sharaɗi: takardar za ta zama kuɗi ne idan an sayar da kamfanin ko an shigar da shi kasuwar hannayen jari. Wato ranar biya ba ta hannun ma'aikaci, kuma ba a sa mata kwanan wata ba.

Kamfanin ma a lokacin bai daɗe da fitowa daga mawuyacin hali ba. A Satumbar 2013 ya janye kaya masu yawa daga kasuwa bayan da funfuna ta shiga yogot ɗin da aka yi a Twin Falls, kuma a 2014 sai da ya karɓi rancen dala miliyan 750 daga kamfanin zuba jari na TPG. A Nuwamban 2021 Chobani ya miƙa takardun shiga kasuwar hannayen jari ta Nasdaq. A Satumbar 2022 ya janye su, kasuwa ta yi sanyi. Ba wani ma'aikaci da aka yi shawara da shi kan hauhawar farashi ko kuɗin ruwa a Amurka, amma su suka ɗage ranar da aka daɗe ana hange.

Ba ina raina hannun jari ba ne. Sa ma'aikaci ya ji yana da rabo a abin da hannunsa ke ginawa babban abu ne, kuma kamfanonin abinci nawa suka taɓa yin ko kwatankwacinsa? Amma Bahaushe ya riga ya yanke hukunci: ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Mai haya ba ya karɓar takardar hannun jari a ƙarshen wata.

Ƙwan da ya shiga baka shi ne wannan. A Oktoban 2016 kamfanin ya sanar da hutun haihuwa na mako shida da cikakken albashi, daga farkon 2017, ga uwa da uba, har da wanda ya ɗauki riƙon yaro, kuma ba bambanci tsakanin na ofis da na gaban inji. Don a gane girman abin, dokar tarayyar Amurka ta 1993 mako 12 take bayarwa amma ba albashi, kuma ba kowane ma'aikaci ta shafa ba. Matar da ake biya da awa, idan ta haihu, ko ta koma aiki da ɗanyen jiki ko tukunya ta sauka. Sai albashi: a ƙarshen 2020 Chobani ya sanar da cewa daga 2021 ba wanda zai fara aiki a ƙasa da dala 15 a awa, a 2023 kuma ya ɗaga zuwa dala 20. Mafi ƙarancin albashi na tarayya kuwa yana nan a dala 7.25 tun 2009.

A nan ne bambancin jihohin biyu ya koya mini wani abu. A New York doka ta biyo baya. Daga Janairun 2018 jihar ta fara hutun iyali mai albashi, wanda zuwa 2021 ya kai mako 12 da kashi 67 cikin ɗari na albashin mutum har zuwa wani ƙayyadadden adadi, kuma mafi ƙarancin albashi a yankunan da ke wajen birnin New York da kewayensa ya kai dala 15 a 2024. Ko da wani ya sayi Chobani gobe ya soke duk tsare-tsaren Ulukaya, ma'aikacin South Edmeston yana da tudun dafawa. Na Twin Falls ba shi da shi. Idaho tana bin dala 7.25 ɗin tarayya, kuma ba ta da dokar hutun haihuwa mai albashi ga ma'aikatan kamfanoni. Duk abin da ke tsakanin dala 7.25 da dala 20 alherin kamfani ne. Mun san wannan tsari a gida, na yaron shago da ubangida na kirki: yana ci yana sha, ana yi masa ɗinkin salla, wata rana ma a yi masa aure. Ranar da ubangidan ya kwanta dama, magada suka karɓi shago, sai ya gane ba abin da aka rubuta. Alheri yana da daɗi, amma haƙƙi shi ake iya kai ƙara a kansa.

Inda inuwar ta tsaya

Ana yi wa giginya gorin cewa na nesa ke shan inuwarta. A nan abin ya juya: na kusa sun sha, na nesa ne ke cikin rana. Na nesan kuwa su ne masu tatsar shanun da madararsu ke cika tankunan Chobani.

Kamfanin ba shi da shanu. Yana sayen madara ne daga gonakin kiwo, galibi ta hannun ƙungiyoyin manoma. Masu aiki a waɗannan gonaki ba ma'aikatansa ba ne, saboda haka ba ambulan, ba hutun haihuwa mai albashi, ba dala 20. A Idaho da New York da yawa daga cikinsu baƙi ne daga Meziko da Guatemala, wasu ba su da takardun zama, suna kwana a ɗakunan da mai gona ya ba su, ta yadda wanda ya rasa aiki ya rasa wurin kwana a rana guda. Ana tatsa sau biyu ko uku a kwana ɗaya, ba Lahadi ba ranar biki. Saniya mai nauyin fiye da rabin tan tana iya matse mutum da ƙarfe ko ta harbe shi. A 2016, shekarar da aka raba ambulan, ma'aikata biyu suka nutse a tafkunan kashin shanu a gonaki biyu daban-daban a Idaho. Ba jingina wa Chobani waɗannan mace-mace nake yi ba. Ina nuna irin aikin da ke ƙarƙashin sana'ar nono ne baki ɗayanta.

Kuma doka da kanta ta bar su a baya. Dokar tarayya ta 1935 da ta ba ma'aikata 'yancin kafa ƙungiyar ƙwadago ta cire ma'aikatan gona. Ta 1938 da ta kawo kuɗin ƙarin awanni ita ma ta tsallake su. Tun 1976 majalisar dokokin Amurka ta hana hukumar kula da lafiyar wuraren aiki bincikar yawancin gonakin da ma'aikatansu ba su wuce goma ba. Sai a 2019 jihar New York ta yi dokar da ta ba ma'aikatan gona hutun kwana ɗaya a mako, da 'yancin kafa ƙungiya, da kuɗin ƙarin awanni, shi ma sai bayan awa 60 a mako, alhali na masana'anta bayan awa 40 yake fara karɓa.

Ƙungiyoyin ma'aikatan gona a New York sun daɗe suna ƙwanƙwasa ƙofar Chobani, da hujjar cewa mai sayen madara mai yawa haka idan ya yi tari gonaki za su ji. A 2019 kamfanin ya haɗa kai da Fair Trade USA, ƙungiyar da ke ba kayayyaki shaidar cewa an yi wa masu samar da su adalci, don fito da tambarin shaidar adalci ga gonakin nono, kuma a 2021 kayan farko masu ɗauke da tambarin suka shiga kasuwa. Ƙungiyoyin ba su gamsu ba. Kukansu shi ne an yi musu aski a bayansu: ba su suka tsara ƙa'idojin ba, kuma mai bincike da ke zuwa jefi-jefi ba zai ji gaskiya daga bakin wanda ke tsoron a kore shi daga aiki da ɗaki da ƙasa ba.

Sun nuna wata hanya da ke aiki a maƙwabciyarsu jihar Vermont. A Oktoban 2017 kamfanin askirim na Ben & Jerry's ya sa hannu kan yarjejeniya da ƙungiyar Migrant Justice ta baƙin da ke aiki a gonakin nono, a wani tsari da ake kira Milk with Dignity, wato madara da mutunci. Ma'aikatan gonar su suka rubuta ƙa'idojin da kansu. Kamfanin yana biyan gonaki ƙarin kuɗi don su iya cika su. Akwai hukuma mai zaman kanta da lambar waya da ma'aikaci zai kira dare ko rana, gonar da ta ƙi gyara kuma ana iya cire ta daga tsarin. Yarjejeniya ce da doka ta san da ita. A ganina a wannan fage Chobani ya gaza abin da ya nuna zai iya. Mutumin da ya gane tun 2005 cewa ma'aikaci ya fi kowa sanin wurin aikinsa, ya kamata ya gane cewa mai tatsa ma ya fi kowa sanin abin da ke damunsa. Abin ya fi ciwo idan aka tuna cewa shi kansa ɗan makiyaya ne, kuma sunan da ke jikin kowane kofi ma'anarsa makiyayi.

Kamfanin yana ci gaba da girma. A Disambar 2023 ya sayi kamfanin kofi na La Colombe a kan dala miliyan 900. A Afrilun 2025 ya sanar da gina sabuwar masana'anta ta dala biliyan 1.2 a garin Rome, dab da Utica, inda ake sa ran ɗaukar mutum fiye da 1,000. Da yawansu za su fito ne daga unguwannin da motocin farko suka riƙa ɗaukar 'yan gudun hijira, wataƙila ma 'ya'yansu ne, waɗanda ba sa buƙatar tafinta. Za su fara da albashin da iyayensu ba su fara da shi ba, kuma ina taya su murna da zuciya ɗaya.

Masana'antar za ta riƙa shan madarar da ta haura kilo miliyan 5 a kowace rana idan ta kankama. Wannan na nufin ƙarin shanu, da ƙarin mutanen da za su tashi tun kafin asuba cikin sanyin da ruwa ke daskarewa su shiga tsakanin ƙafafunsu. A jihar New York an fara rage musu awannin nan 60 daga 2024, ana cire huɗu duk bayan shekara biyu. Sai a 2032 mai tatsa zai fara karɓar kuɗin ƙarin awanni bayan awa 40, kamar yadda mai cika kofi a masana'anta yake karɓa a yau.